Kayen da Jaki Kaɗai Ya Gani

Ba zan taɓa mantawa da kakar gyaɗar nan ba, ko da zan manta sunayen jikokina (kuma na fara). Zamanin sule da sisi ne, ina saurayi a Kademi, ƙirji ya fara buɗewa, kai kuwa ba komai a ciki sai iska.

A lokacin, duk ƙasar Gaya ba wanda bai san Tanko na Toranke ba. Ɗan kokawa ne da ake cewa bayansa bai san ƙasa ba. Aminin mahaifina ne, shi ya sa nake ce masa Baba Tanko. Ran nan ya zo taya mu cirar gyaɗa, don mahaifina ba shi da lafiya. Da aka tashi kowa ya yi gaba, ya rage daga ni sai shi sai jakinmu. Na ce, "Baba, nuna mini kamun nan da kake yi wa mutane mana." Ya yi dariya ya ce in matso. Wallahi ban san yadda aka yi ba, na dai sunkuya na rarumo ƙafarsa, sai ji na yi tim! Ga Tanko kwance a kan harawa yana kallon sama. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce, "Ɗora wa jakin nan kaya mu tafi."

Mai hankali da shiru zai yi. Ni kuwa kafin magariba har kajin gidanmu sun ji labari.

Washegari na kai zancen gindin tsamiya, inda manya ke zama. Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata, ya saurare ni tsaf yana tauna goro, sannan ya ce, "Wa ya gani?"

Na ce, "Jakinmu yana wurin."

"An yi kiɗa?"

"A'a."

"To ba kokawa kuka yi ba, ɗan nan. Mutum biyu su kama juna a daji, ko faɗa ne ko santsi. Kokawa sai da fili, da doka, da idon jama'a."

Na ce ai ƙasa ƙasa ce, ta gona da ta dandali duk ɗaya. Suka kwashe da dariya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don tun da aka haife ni ban taɓa yin wani abin a zo a gani ba sai wannan, shi ma ga shi ba a zo ba, ba a gani ba. Zuciya ta ɗebe ni na rantse zan maimaita a gaban kowa.

Ana gama kaka aka sa kokawa a Balan. Na yi aron warki, na ɗaura layu har hannuna ya yi nauyi (ɗaya daga ciki, daga baya na ji, ta maganin ciwon haƙori ce). Bayan la'asar fili ya cika ya batse: mutanen Kademi, na Toranke, na Balan, yara a kan bishiya, 'yan mata da farantan talla. Makaɗa suka hango ni suka saki ganga, maroƙi yana ihu, "Ga wanda ya kayar da Tanko, in ji shi!" Wannan "in ji shi" ɗin har yau ban yafe masa ba.

Dokar dai kowa ya san ta. Da zarar alƙali ya ba da izini, duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an kayar da shi.

Aka haɗa ni da Tanko a tsakiyar fili, alƙali ya ɗaga hannu ya sauke. Na ware ƙafafu, na zare ido. Tanko ya tako a hankali, ko sunkuyawa bai yi ba. Da ya iso gabana sai ya saki fuska, ya ce da muryar nan tasa ta ƙofar gida, "A'a, ɗan Malam! Ina wuni? Yaya jikin babanka?"

Jama'a, tarbiyya ba ta shawara da mutum. Tun ina rarrafe ake ranƙwashina in na gaida babba a tsaye. Kafin in ankara na zube, gwiwa biyu a ƙasa, hannu a ƙasa, kai a sunkuye, na ce, "Da sauƙi, Baba. Yana gaishe ka."

Ganga ta tsaya cak. Sai fili ya fashe. Wata mai ƙosai ta yi dariya har ta kifar da faranti. Kawu Idi na hango shi yana dukan cinya yana share hawaye da hula. Alƙali ya kama hannun Tanko ya ɗaga, shi ma kafaɗarsa na rawa. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ina, ta ƙi.

Tanko ya sunkuyo ya ɗago ni, ya kakkaɓe mini gwiwa kamar yaron da ya faɗi a hanyar rijiya. Ya raɗa mini a kunne, "Gaskiya ne, ka kayar da ni ran nan. To je ka faɗa musu."

Daga ranar sunana ya koma Ladabi, har matata da shi ta san ni. Abin da na koya shi ne, ƙarfi naka ne, amma nasara ta 'yan kallo ce, su ke bayarwa su ke hanawa. In za ka yi bajinta, tara mutane tukuna. Na abin kunya kada ka wahalar da kanka, da ƙafarsu za su zo.