Barmo Burgu Ya Jera Furanni

A wani daji mai fadama a gindinsa an yi wani burgu, Barmo, da ya kamu da mugun ciwo: ya leƙa garin wasu kwana uku, ya dawo yana ganin komai na gida a karkace yake. Buhun gyaɗa ya shiga aka tafi da shi birni, ya ɓuya a lambun wani attajiri, ya ga furanni tsaye a layi kamar 'yan sanda. Tun daga nan hancinsa bai sauko ba.

Dabbobin fadamar suna da al'ada mai suna Gaisuwar Fure. In damina ta zauna, sai a fito da kiɗa, ƙudan zuma a gaba, a bi kowane tsiro har inda ya fito a gaishe shi. A gaida karkashi a kan tudu, duman kada a bakin rafi, zamarke a cikin laka, a ƙare da bado a tsakiyar tafki. Ba mai tsinkar fure sai ya zubar da iri. Sarkin Fadama ke jan tawagar, shi ke cin saƙar zuma ta farko, a wurin kuma ake cewa ya zarce ko ya sauka. A shekarar nan sarautar ta zagayo kan Barmo, kuma yana son zarcewa kamar ransa.

Ya tara majalisa a gindin kanya, ya gyara murya.

"Jama'a, na ga duniya. A can fure ke zuwa wurin manya, mu a nan muna taka laka muna bin ciyawa gida-gida. Bana za a tono kowane tsiro a kawo ƙofar ramina, a jera layi bakwai, dogo a baya, gajere a gaba. Za a yi gaisuwa a zaune, cikin tsari, a gama kafin rana ta yi zafi."

Baba Anaruwa, tsohon kunkurun da ya ga damina tamanin, ya miƙo wuya.

"Ranka ya daɗe, shi badon nan, ka tambaye shi ko yana son hawa tudu?"

"Baba, ba a shawara da ganye."

"To, madalla," in ji kunkuru, ya mayar da kai cikin ƙoƙo.

Majalisa duka ta ce madalla. Ita majalisar nan ba ta taɓa musa wa sarki ba, ba ta kuma taɓa wahalar da kanta ba. Kowa ya je ya tono tushe ɗaya tak, mafi kusa da hanya, ya bar dubu a wurinsu.

An sha aiki cikin raha. Kwaɗi na waƙa, kurege na jan igiya, Cindo zomo na kafa turaku yana yi wa kowa tsiya. Da fili ya yi kaɗan, Barmo ya dubi ɗoɗɗoyar da ta rufe ƙofarsa da ciyawar jema da ke saman raminsa.

"A tumɓuke waɗannan. Ba wanda ya shuka su."

Iya Tasalla, uwar ƙudan zuma, ta sauka a kan turke. "Ɗan nan, ɗoɗɗoyar nan ce ke kore maka sauro. Saiwar jemar nan kuma tun kakanka take riƙe da rufin ɗakinku."

"Iya, ba sa cikin tsari."

Aka tumɓuke. Barmo ya ja da baya ya dubi layukansa, daɗi ya cika masa ciki.

Bado bai kai la'asar ba ya kwanta. Zamarke ya bi shi washegari. Karkashi ya zubar da furensa ruwan hoda ya tsaya tsirara. Duman kada ya rayu, amma ya fita layi ya miƙe hanyar rafi, Barmo na dawo da shi yana komawa. Abu ɗaya ya ji daɗin wurin, tsidau, wanda ba wanda ya kawo shi. Ya bazu da ɗan furensa rawaya da ƙayarsa. Ana jibi biki aka yi ruwa mai ƙarfi, saman ramin ya rufta a kan rumbun Barmo.

Ran biki ya share laka ya zauna gaban layukan yana kaɗe sauro. Tawaga ta taru. Ƙudan zuma suka tashi, suka zaga sau ɗaya, suka bi ƙamshi suka yi tudu. Ƙafafun jama'a kuwa sun saba bin ƙudan zuma.

"Ku dawo! Nan ne wurin!"

"Muna zuwa, ranka ya daɗe!" Cindo ya amsa yana tsalle. "Bari mu gaida na ƙauye tukuna!"

Daga inda yake zaune Barmo yana jin komai. Ya ji guɗa a tudu, ya ji shewa da wani ya zame a laka, ya ji kwaɗi sun amshe waƙa a tafki inda bado ya buɗe fari tas. Fadama ko a jikinta. Ƙafarsa ta fara bin kiɗan, ya danne ta.

Da yamma suka biyo ta ƙofarsa, jiki duk garin fure, baki duk zuma. Baba Anaruwa ya tsaya gaban tsidau ya rusuna.

"Al'ada ce, duk wanda ya yi fure a gaishe shi. Sannu da zama, tsidau. Sannu da haƙuri, Barmo."

Bai ce ranka ya daɗe ba, kowa kuma ya ji.

Abin da Barmo ya rasa ga shi: ɗoɗɗoya tushe tara, rufin da ya yi zamani uku, gyaɗar shekara guda, saƙar zuma ta farko, da sarauta. Ya samu sauro da ƙaya.

Turakun dai suna nan har yau, kuma duk wanda ya wuce yakan shaida layin a miƙe yake.