Almakashin Mai Girma da Tiyon Tankarmu

Ranar Talata aka yanke wa unguwarmu ruwa da almakashi.

Kada ku ce habaici nake yi. Na san kun saba da bakina, amma wannan karon almakashi ne na gaske, mai mariƙin zinariya, an tallabo shi a kan matashi kamar ƙwan jimina.

Garinmu, nan kan hanyar Ngaundare, motar tankar ruwa ɗaya gare shi. Tun ƙarshen damina take zaune tana tari, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Hamajulde makanike ya duba ya ce filtar mai ce ta toshe. 'Yan boko matata suke ce mata. Ni dai filta zan ce, don matata guda ce, ta rasu, kuma babu kantin da ake sayar da irinta.

Aikin bai fi a sha shayi a tashi ba. Amma a ƙasar nan ko akuya ba ta haihuwa sai an gayyaci manya. Aka ce Mai Girma Uban Alkawura, Gishirin Kowane Taro, shi da kansa zai ƙaddamar da sabuwar filta. Aka kafa rumfa, aka yanka sa, aka raba wa mata atamfa mai hoton filta gaba da baya. Ni kuma, da yake na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane Faransanci, aka ɗora mini jawabin godiya.

Maƙwabciyata Goggo Astajam ta jera jarkokinta a bakin rumfa tun da safe. Gwiwoyinta sun daina yarda da gangaren rafi, kuma tankar nan ce kaɗai tsakaninta da shi.

"Malam, yau ruwa za mu sha ko Faransancinka?"

"Goggo, in tankar nan ta tashi, har wanka zan yi."

"Allah ya sa. Unguwa ta yi haƙuri da kai."

Ga waɗanda ba su taɓa leƙa cikin mota ba: filta tiyo biyu gare ta, ɗaya na kawo mai daga tanki, ɗaya na kai shi inji. Kafin a cire tsohuwa sai an kwance su, a toshe bakinsu kada ƙasa ko iska ta shiga. In aka mayar da su a juye, mota ta zama ɗakin kaji. Shi ya sa makanikai kan ɗaura tsumma a jikin mai kawowa, don kada su rikice. Kowane tsumma ya isa. Amma Hamajulde mutum ne mai son a gani. Ya tsago jan ƙyalle daga ɗankwalin matarsa, ya ƙulla shi fure guda, ya ja baya yana kallo.

"Bappa, ya ka gani?" in ji shi.

"Sai ka ce amarya."

"Aikin manya sai da ado, Bappa!"

Mai Girma ya iso rana ta take. Ya ce filtar nan za ta tace talauci, ta tace jahilci, ta tace 'yan baƙin ciki. Muka tafa. Aka miƙa masa almakashi, sai a lokacin aka tuna ƙyallen yankawa yana cikin wata motar da ta tsaya sayen tsire. Bawan Allah kuwa ya yi shekaru yana yanka jan ƙyalle, gadar da ba kogi, makarantar da ba rufi, har hannunsa ya daina shawara da kansa. Ya waiwaya hagu, ya waiwaya dama, idonsa ya sauka a kan furen Hamajulde.

Ƙas!

Ƙyalle da tiyo suka tafi tare. Dizal ya wanke masa gaban riga har bakin takalmi. Makaɗa suka ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa. Shi kansa Hamajulde sai da ya tafa, don mu nan hannu kan riga ƙwaƙwalwa. Can sai ya ɗora hannu a ka.

"Wayyo tiyona! Iska ta shiga!"

"Wace iska?" in ji wani ƙato daga cikin 'yan rakiya. "Kai ne dai ɗan iska. Mai Girma ne ya shiga!"

Jama'a, tun ranar da muka binne matata muka dawo daga maƙabarta ban yi dariya irin wannan ba. Hulata ta faɗi, gilashina ya bi ta. Goggo Astajam na mintsinina tana cewa, "Tsohon banza, za ka sa a kama mu," ita ma kafaɗunta na rawa.

Hamajulde ya durƙusa ya ce a ba shi izini, yana da guntun bututu a aljihu, yanzu zai haɗe tiyon ya fitar da iskar. Sakataren taro, wani siririn mutum mai ƙamshin turare, ya dube shi kamar ya zagi uwarsa.

"Ka haɗe me? Abin da Mai Girma ya yanke an ƙaddamar da shi. Ka taɓa ganin an ɗinke ƙyallen buɗe gada? Ko kana nufin kuskure ya yi?"

Wa ya isa? Na karanta littattafan masu hikima da yawa, ban ga wanda zai iya amsa tambayar nan ya kwana a gidansa ba. Nan take aka kafa kwamitin nazarin yadda za a haɗa tiyo ba tare da an haɗa shi ba, aka ajiye mai gadi yana tsaron guntayen biyu. Rediyo ya ce ruwa ya wadata a unguwarmu, har ana roƙon mu rage wanka.

Goggo Astajam ta tara jarka ɗaya a ƙarƙashin tiyon da ke ɗiga. "Tunda ba ruwa, ko fitila na kunna," in ji ta. Sauran jarkokin muka raba, muka gangara rafi, tana dafa ni ina dafa sanda.

Jawabina kuwa ba a kai gare shi ba, don Mai Girma ya tafi da gaggawa, tagogin motarsa a buɗe. Ba komai, dama duk na watsar da shi, magana ɗaya ta rage mini a baki, kuma daga zuciya take: ranka ya daɗe, mun gode Allah da ba asibiti ka zo buɗewa ba, don can ma akwai tiyo, kuma a jikin mutane yake.