Aljani Bahago a Bargon Jaririyata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na tara wa aljani jama'a a tsakar gidanmu na Malali.

Lokacin ina da cikin wata bakwai, bayan na yi ɓari sau biyu, don haka ko labule ya motsa sai gabana ya faɗi. Maƙwabciyata Maman Hadiza, wata Bakatsiniya, ta ce za ta riƙa shigowa tana koya mini wata saƙar kwarashi ko na rage tunani. Kowane layi da kalar ulunsa, kuma ba a juya saƙar. Daga dama za ki faro, ki kai hagu, ki yanke zaren, ki koma dama ki ɗaura wani. Inda ake so zane ya fito, sai ki zura kwarashin ƙasa ki jawo dogon zare ya hau kan kalar baya. Na zaɓi ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, na ce bargon abin da zan haifa ne.

Ban kai rabi ba yatsuna suka kumbura. Na zauna ina kuka wai ba zan gama ba. Maigidana, ma'aikacin gwamnati ne wanda ko dariya sai da ƙwaƙƙwaran dalili, ya juya shafin jaridarsa kawai.

Wata rana na farka daga barcin azahar. An ɗauke wuta, gidan tsit, ko kukan kaza babu. Na san a kan ja na tsaya, amma sai ga layin shuɗi ya miƙe har ƙarshe, kwarashin kuma yana da ɗumi kamar yanzu aka ajiye shi. Na naɗe bargon na cusa a saman kabad. Washegari na same shi a wurin, a naɗe yadda na bar shi, sai dai ya ƙara tsawo.

Maman Hadiza ta kai shi bakin taga ta daɗe tana dubawa.

"Ke, wannan daga hagu aka faro shi. Dubi yadda ya karkata. Kuma wallahi ya fi naki kyau." (Wannan ƙarin bayanin ban nema ba.)

Muka kalli juna. Kowa ya san su waye ke aiki da hagu. Na dafe cikina, tsoro ya kama ni sosai, domin a ganina abin da ya ɗauke mini biyun farko ne ya dawo, har yana shirya wa na ukun shimfiɗa. Ban gaya wa maigida ba, na san cewa zai yi camfi ne. Sai na aika wa mahaifiyarsa Hajiya a Unguwar Sarki.

Ranar Asabar, maigida yana fita, Hajiya ta iso da malaminta. Kafin a ce kwabo matan layinmu sun cika gidan. Aka shimfiɗa bargon a ƙasa, kowa ya ja da baya, yankakkun zarurrukan gefensa suna ta motsi duk da ba iska. (To, wataƙila akwai iska.) Malam ya yi tofi, ya ce a ƙone shi. Ni da hannuna na ɗauko kananzir.

Sai ga ƙarar Vespa a ƙofar gida. Maigida ya shigo, ya dubi jama'a, ya dubi kwalbar da ke hannuna. Ya yi wuf ya sure bargon, da hannun hagu.

"Ni ne," ya ce, kansa a ƙasa.

"Kai ne me, Auta?" in ji Hajiya.

"Ni nake saƙawa. In na dawo cin abincin rana nakan tarar tana barci. Na ga tana kuka ne."

Ashe duk zaman da yake yi a bayan jarida, hannun Maman Hadiza yake kallo. Hajiya ta tafa hannu ta ce, "La ilaha illallahu! Duk dukan da na yi maka kana yaro, ashe hagun nan tana nan?"

Malam ya yi gyaran murya, ya fara neman takalminsa. Mata suka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Ni kuwa ina tsaye da kananzir, na so ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da ake gaisarwa da rusunawa a layin nan, ni na tona masa asiri, kuma shekaru ba a daina kiransa Aljanin Malali a bayan idonsa ba.

A cikin bargon aka naɗe 'yarmu ranar suna, rabinsa ya karkata dama, rabi hagu. Tun daga nan, in na ga abin mamaki a gidana, nakan fara tambayar mai jarida kafin in aika a kira malam.