Safar Injiniya Tanimu a Hancin Tobo

Wani mutum ne a garejinmu na bayan tasha a Funtuwa, ana ce masa Tanimu Jamus. Ba ƙasar Jamus ya je ba, ko Kwatano bai taɓa takawa ba. Wata uku ya yi yana wanke motoci a wani kamfani a Kaduna inda wani Bature ke gyara, shi ke nan ya dawo mana da sunan injiniya. Kowa a gareji silifa yake ja, shi kuwa sai takalmi sau-ciki da safa ja mai ratsin rawaya, wai injiniya ba ya aiki da ƙafa a waje. Mu 'yan zaman benci kuma muka ɗaure masa gindi, duk abin da ya faɗa sai mu gyaɗa kai kamar ƙadangaru, alhali ko sifanar kwance noti ba mu san lambarta ba.

Abin da ke ran Tanimu guda ɗaya ne: shagon surukinsa Alhaji Nadabo da ke bakin titi. Shekara biyu yana aika matarsa da roƙo a ba shi ya buɗe garejin kansa. Ran nan da safe Alhaji ya kawo motarsa mai tobo, wato na'urar nan da ke cusa wa inji iska ya ƙara ƙarfi, ya ce, "Malam Tanimu, na gaji da jin labarinka a bakin ɗiyata. Ga mota, ka yi mata abin da zai burge ni. In na dawo bayan la'asar na ga aiki, ga makullin shago."

Tanimu ya tuɓe takalmi ya durƙusa. "Baba, ai kun gama magana. Agogon auna iskar tobo zan sa muku. Kuna taka totur, allura za ta nuna muku ƙarfin motarku da idonku. Duk Funtuwa babu mai shi."

Motar nan fa lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta yi.

Alhaji na juya baya Tanimu ya ɗaga bonet, mu kuma muka jawo benci. Ya fito da agogo daga kwali, ya ɗaga sama kowa ya gani. Ya manna shi gefen sitiyari, ya zaro siririn tiyo zai kai shi jikin inji, sai ya ga hannunsa ba zai shiga ba. Ya kwance babban bututun da ke kai iska daga tobo zuwa lagireton da ke sanyaya ta, ya yi gefe da shi. Ana cikin haka aka kira azahar.

"Ku lura da kyau," in ji shi. "Nan ake gane injiniya. 'Yan gargajiya sai su bar bututu baki buɗe, yashi ya shiga. Mu a ƙa'idar Jamus toshewa muke yi."

Ya duba hagu ya duba dama, babu tsumma mai tsabta. Da ma alwala za shi, sai ya zare safarsa, ya cusa ɗaya a bakin bututu, ɗaya a bakin lagireto, har da dannawa da sukudireba. Muka ce, "Kai, ilimi!"

Da aka dawo daga masallaci ya zaro ta bututu. Ya zura yatsa a bakin lagireto, wayam.

"Wane ɗan iskan ne ya ɗauke mini safa? Ƙafa ɗaya fa! Sata ma ba ku iya ba!"

Nan take Sallau mai faci ya rantse ya ga akuyar mai shayi tana tauna wani abu ja. Wani ya ce shi ma ya gani. Kafin minti biyu mu duka mun gani, har da waɗanda muke sahu ɗaya a masallaci lokacin. Aka bi akuya da jifa, baiwar Allah ta yi ta kanta. Tanimu ya yi tsaki, ya sa safa ɗaya, ya zura ɗaya ƙafar tsirara cikin takalmi, ya sauke wando ya rufe. Ya mayar da bututu, ya ɗaure kilif tamau, ya haɗa tiyon agogo, ya kaɗe hannu.

"Ku shigo a gwada. Amma kowa ya riƙe hularsa. Allurar nan sai ta kai sha biyar."

Mu biyar muka dunƙule a ciki. Aka hau titin Zariya. Tanimu ya gyara zama, ya taka totur har ƙasa. Tobo ta yi fiiiii! Muka runtse ido muna salati. Shiru. Muka buɗe ido, sai ga mota tana tafiya kamar mai jego. Allura ta ɗan motsa, ta kai uku, ta tsaya tana karkarwa.

"Ba ta ɗumama ba ne," in ji Tanimu.

Ya sake takawa. Uku. Ya ƙwanƙwasa gilashin agogon da farce, ƙwas-ƙwas. Uku dai. Can sai muka ji fat-fat-fat a gefenmu, ashe wani mai babur mai ƙafa uku ne da buhunan masara shida, ya wuce mu, har ya leƙo ya ce, "Sannunku, mai ne ya ƙare?"

Tanimu ya juyo da mota. Shago yake gani yana yi masa nisa. Amma bakinsa bai mutu ba. Muna komawa gareji ya ce iska ce ke zurarewa, ya sa aka kaɗa ruwan sabulu, ya bi kowace mahaɗa yana shafawa yana jiran kumfa. Ko ɗigo. Ya ce filta ce, ya ciro ta, sabuwa fil. Ya ce ƙofar da ke sakin hayaƙin tobo ce ta maƙale a buɗe, ya ja sandarta, ta koma da kanta, tas. Ya ce to agogon ne jabu, sai ya tuna da safe ya rantse mana daga Jamus aka aiko masa, ya haɗiye maganar. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

Ana sallame la'asar sai ga Alhaji Nadabo, makulli na ƙara a hannunsa. Tanimu ya durƙusa ya gaishe shi, amma wannan karon takalmi na ƙafa. Alhaji ya dubi takalmin. Ya shiga mota, ya zaga da ita bayan tasha, ya dawo fuska a murtuke.

"Malam Tanimu, da safe doki na kawo maka. Wannan fa?"

"Baba, tobo ce ta mutu. Da ma tana kan hanya, agogona ne ya tona mata asiri. Ku gode wa Allah da kuka kawo ta wurina."

Mu kuma daga benci muka amsa, "Ƙwarai kuwa, Alhaji."

Alhaji ya ce a kira masa Baba Ilu, tsohon bakaniken da ke ƙarƙashin darbejiya, wanda Tanimu ke kira ɗan gargajiya. Baba Ilu ya taho yana jan silifa, goro a kunci. Ko agogon bai kalla ba. Ya ce wa Alhaji, "Taka mini ita." Ya karkata kunne, ya kama bututun da ke shiga lagireto ya matsa, ya kama na fita ya matsa.

"Tobo dai tana da rai, kun ji kukanta. Wannan bututun ya cika ya yi tauri, wancan kuwa laƙwas. Iska na shiga, ba ta fita. Akwai abin da ya tsaya mata a maƙogwaro."

Ya kwance kilif, ya lanƙwasa waya, ya zura, ya yi ta lalube. Sai ya jawo wani abu baƙi ƙirin, a dunƙule, yana ɗigar mai. Ya faɗi ƙasa, ɗaɓ!

Tanimu ya yi tsalle ya koma baya. Ya ga mafita ta zo masa har gida.

"Sammu! Na rantse sammu ne! Baba, kun gani ko? Maƙiya ne ba sa son ku ba ni shagon nan!"

Kafin ya rufe baki benci ya kife. Sallau ya haye tarin tayoyi, ni da nake ba ku labari sai a bayan mai shayi na tsinci kaina ina karanto duk abin da ya zo bakina. Tanimu kuwa ya samu fili, ya dinga zuba.

"Duk wanda ya yi wannan, Allah ya tona shi a gaban jama'a! Baba, in an gano shi kada a kai shi ko'ina. A bar ni da shi kawai!"

Baba Ilu ya tofar da goro, ya tsoma abin cikin ruwan sabulun da Tanimu ya kaɗa, ya cuɗa, ya matse, ya warware, ya ɗaga da yatsa biyu. Ja. Da ratsin rawaya. Ga ƙatuwar huda a wurin babban yatsa.

Can gefe akuyar mai shayi ta ce, "Meee." Babu wanda ya iya haɗa ido da ita. Idanunmu duka suka sauka kan ƙafafun Tanimu, Alhaji ya bi su da kallo.

"Malam Tanimu, yau na ga ka gaishe ni da takalmi. Tuɓe mana."

"Baba, ai ƙasan akwai ƙusoshi..."

"Tuɓe."

Ya tuɓe. Ƙafar dama ja da ratsin rawaya, ta hagu tsirara, yatsu sun nannaɗe don kunya.

Baba Ilu ya mayar da bututu, Alhaji ya shiga ya ja ta zuwa bakin titi ya taka. Fiiiii! Muna hango shi ya ɓace, ya dawo yana murmushi. Ya ce allura ta kai sha biyar cif. Tanimu ya ɗan ɗago kai, murya ƙasa-ƙasa, "Kun ga dai agogon yana aiki, Baba."

"Yana aiki," in ji Alhaji. Ya kaɗa makullin shago sau ɗaya, ya jefa shi aljihu, ya karɓi jiƙaƙƙiyar safar ya ɗora wa Tanimu a kafaɗa. "Ka ce in an gano mai sammun a bar ka da shi. To ga shi mun bar ka da shi. Ka sa masa safarsa, ka kai shi gida."