Ranar da Gambo Ya Ci Guba

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta lokacin kaka ba, ranar da na taso motar asibiti tun daga Filinge saboda mutum huɗu da ko numfashi ba su taɓa yi ba a duniyar nan.

Lokacin ina aiki a wani ƙaramin gidan likita a wani ƙauye wajen Bankuku (ba zan faɗi sunansa ba, har yanzu ina zuwa can gaisuwa). Ni ke riƙe da ɗakin magani. Shugabanmu kowa Majo yake ce masa, dattijo ne mai sanyin magana, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Sai Madam Zainabu, ungozoma. Mu uku ke nan. Muna kuma da gurup na waya na ma'aikata, har da likitan da ke Filinge da direban anbilans a ciki.

Ƙanwata Rakiya, wadda ke jami'a a Yamai, ita ce mafarin abin. Da ta zo hutu ta zuba mini wani wasa a waya, irin wanda ake ba ka jarumai huɗu ka shiga daji da su kuna yaƙar dodanni. Wasan ya ce in raɗa musu suna. Mai hankali da sai ya bar musu sunayen da suka zo da su. Ni kuwa na sa wa mai takobi Gambo, mai baka Hamma, mai mashi Hadiza, tsohon da ke warkar da su kuma na ce masa Malam.

Sara da suka ba su ne wahalar wasan ba. Wahalar tana ga cututtukan da dodanni ke jefa wa mutanenka. Wani ya tofa guba, jarumi ya koma kore, ransa na raguwa da kowane taku. Wani ya shanye masa jiki, ya tsaya ƙiƙam ana jibgarsa. Akwai ruɗewa, inda naka zai juyo ya kai wa ɗan'uwansa sara. Akwai kuma kullewar baki, wadda in ta kama mai warkarwa shi ke nan, don da baki yake aikinsa. Kowace cuta da maganinta, in ka yi tanadi a jaka. Ni da nake wuni cikin kwalaben magani ban taɓa tanadin ko ɗaya ba. Sabon takobi kawai nake bi.

To, a wannan Laraba Majo ya tafi Filinge sunan jikansa na fari. Madam ta ɗaura akwatin ƙanƙara a moto, wato babur, ta nufi rugagen Fulani rigakafi. Mutanen gari duk suna gona yankan hatsi, tun hantsi ban ga ko mai ciwon kai ba. Bayan azahar na jingina da bango na shigar da mutanena wata fadama. Wani ƙaton kwaɗo ya tare mu. Kafin in ankara ya raba musu cututtuka kamar mai rabon goro, kowa da tasa. Da ƙyar muka tsere, kuma na san in suka mutu a nan, wahalar sati biyu ta bi ruwa.

Sai na ce bari in tambayi Rakiya. A wurin namu waya ba ta kama rezo, wato sabis, sai gindin wani gawo da ke bayan katanga. Na je can, rana ta haske fuskar wayar, na danna sunan da ke sama ba tare da na duba ba, na ɗauki murya:

"Don Allah a taimake ni, na rasa yadda zan yi. Mutum huɗu gare ni, duk sun kwanta. Gambo ya ci guba, jikinai ya koma kore, ban ga alamar zai kai la'asar ba. Hamma ya shanye, ko yatsa ba shi ɗagawa. Hadiza ta ruɗe tana bugun 'yan'uwanta. Malam bakinai ya kulle. Kuma magani ya ƙare mini ƙaf. Mi zan fara yi?"

(Ko sunan Rakiya ban ambata ba. Da na ambata, wataƙila da wani ya yi shakka.)

Na koma ɗakin magani inda babu rezo, na ce bari in ba ta lokaci ta fito daga aji. Na hura gawayi na ɗora shayi. Na sha na fari, na sha na biyu, hankalina kwance. Ashe gurup ɗin ma'aikata na tura wa, kuma duk wannan lokacin ana ta kirana waya ba ta shiga.

Madam ce ta fara isowa. Ta yar da moto ko jingine shi ba ta yi ba, ta wuce ni da gudu ta leƙa ɗakin kwanciya. Gadaje biyu, babu kowa. Ta dawo tana haki.

"Ƙanena, ina suke? Ko har an kai su gida?"

"Su wa, Madam?"

Ban rufe baki ba na ji jiniya. Anbilans ta tsaya a ƙofa. Majo ya diro cikin babbar rigarsa ta shadda, ƙamshin turaren suna bai ko bar jikinsa ba. Bayansa Dokta, likitan nan na Filinge, rungume da kwalin ledojin ƙarin ruwa, sai direba yana jan gadon ɗaukar marasa lafiya.

Majo ya ce, "Ɗana, kwantar da hankalinka, mun iso. Mi sunka ci? Wane Gambon ne, mahauci ko na bakin rijiya?"

A nan na gane. Na nemi ƙaryar da zan yi, na rasa, don wace ƙarya ce za ta ɓoye mutum huɗu? Sai kawai na zaro wayar na miƙa masa da hannu biyu.

"Majo, ga Gambon."

Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallon ɗan koren mutum mai takobi, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, yana tangaɗi a fuskar wayar. Butar shayina kuwa tana ta tafasa.

Dokta ya karɓi wayar, ya dudduba. Matashi ne, kuma daga yadda yatsunsa suka zauna na gane ba baƙon abin ba ne. Bai yi ko murmushi ba ya ce, "Kuma ma aikin naka ba daidai ba ne. Malam ake fara buɗe wa baki, shi ya ji da sauran. Koma garin da kunka baro ka sayi ganyen da ke buɗe baki." Madam ta toshe baki da gyale ta juya mana baya, kafaɗunta na rawa.

Direba ne bai ga abin dariya ba. Ya ce, "Yanzu da wata mai naƙuda ta kira daga Damana, mi za mu ce mata?" Wannan maganar ta fi mari zafi. Allah ya rufa asiri babu wadda ta kira.

Majo ya cire tabarau ya ninke. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Sai ya ce a hankali, "To alhamdu lillahi, babu wanda za a yi wa sutura. Surukaina sun sauka ke nan na baro su, ko ruwa ban ba su ba." Ya dubi butar. "Zuba wa baƙinka na uku, sun yi tahiya."

Haka na tsuguna ina zuba shayi.

Kashegari na rubuta takardar bayani da Faransanci, shafi guda cur, inda na sha wuya kafin in sami hanyar sa kalmar kwaɗo cikin harshen ofis. Ranar Lahadi na ɗauki goro na tafi Filinge gidan Majo ban haƙuri. Na yi sallama na durƙusa, tsakar gida cike da mata. Hajiyarsa ta amsa da fara'a, ta miƙo mini jaririn, sa'an nan ta ce yadda kowa zai ji, "Sannu da zuwa, ɗana. Yaya masu jiki?"

Na ce, "Da sauƙi, Hajiya." Mi zan ce?

Ban daina wasan ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na koyi abu guda: kafin ka ce wayyo, duba wa ke jinka. In ka yi rashin sa'a mutanen kirki ne, ba za su tsaya tambayar ko wasa kake ba. Takalmi za su sa su taho, kai kuma ka nemi inda za ka sa fuskarka.