Wayar da Ta Ce Kaka Mai Haƙuri Ce

"Lafiya lau na kwana, sai dai ganin fuskarka da sassafe ya ɓata mini ranar," in ji Kaka, tana gyara zama a bakin gado.

"Ni ma ba don Allah ba da ban zo ba. Ɗaga kai, tsohuwa, in ɗiga miki."

Haka suke gaisawa kullum. Jikan nata, wanda duk gidan ke kira Dogo, shi ke zuwa ɗiga mata maganin ido tun da aka yi mata aiki. Amma ranar da ganinsa ka san da magana a bakinsa. Makarantar ƙananan yara da ke bayan layinsu ta ɗauke shi koyarwa, an ce ya ba da amsa kafin azahar, shi kuwa ya ƙudura a'a zai ce. Ga shi ya daɗe a zaune, har uwarsa ta daina tambayarsa labarin aiki don tausayi. Abin haushin kuma, wani gwajin hali da ya yi a waya ne ya sa shi.

"Wai na ji za ka ƙi aiki," in ji Kaka. "Mijin banza! Da me za ka ciyar da ni, da tsawo?"

"Ke da haƙora biyu suka rage miki, me za ki ci? Aikin ne bai dace da halina ba. An gwada ni."

"Wane likitan?"

"Ba likita ba ne. Tambayoyi ne a waya, ka amsa, ta faɗa maka irin mutumin da kake. Ta ce ni jagora ne, mai zafin zuciya, ba na jure shirme. Wallahi, Kaka, kamar sun zauna da ni."

"Kai ɗin? Kai da kyankyaso ya kora daga banɗaki?"

"Mai tashi ne!"

"To, jarumi. Gwada ni mu gani."

Dogo ya ja kujera ya buɗe wayar, yana murmushin mugunta.

"Ta ce, kina da saurin fushi?"

"Ni? A'a."

"Kaka, jiya kika jefi mai gyaran famfo da takalmi."

"Ya same shi? Danna a'a."

"Kina barin mutane su gama magana kafin ki..."

"Eh. Wuce gaba."

"Kina yafe wa wanda ya ɓata miki?"

"Nan take."

"Maƙwabciyar da ta fasa miki faranti tun ban shiga makaranta ba fa?"

"Na yafe mata tuntuni. Gaisuwarta ce kawai ba na amsawa."

"Kina son a san da ke a cikin taro?"

"Allah ya kiyaye. Ni da ko muryata ba a ji."

"Muryar da ke tayar da yaran ƙarshen layi daga barci?"

"Kai aka tambaya ko ni? Danna, ɗan nema!"

Haka suka yi ta yi har tambayoyin suka ƙare. Dogo ya karanta sakamakon yana danne dariya: mai sanyin hali ce, mai haƙuri, mai sauraron mutane, ba ta son hayaniya.

Kaka ta dafa ƙirji. "Ka ji ko? Yau gaskiya ta fito. Wallahi kamar sun zauna da ni."

Dogo ya yi dariya har ya zame daga kujera. "Ke? Mai haƙuri? Ai wannan wayar ba ta san komai ba! Abin da kika zuba mata kawai ta juyo mi..."

Sai ya tuna da nasa gwajin. Kaka ta ƙura masa idon nan da ke ta ruwa saboda magani. Ko da gangan ta yi, ko kuwa har ranta ta yarda ita mai haƙuri ce, wannan ita da Mahaliccinta.

"Ƙarasa mana," ta ce. "Kai me ka zuba mata?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Abin ya ba ta tausayi, duk da ba za ta taɓa faɗa ba.

"Kaka, na gaji da a ce na fiye sanyi. Tun ina yaro ake faɗa. Abokaina suna ofis suna ba da umarni, ni kuma in je ina goge wa yara majina?"

"Shi ya sa ka je ka yi wa waya ƙarya, ita ma ta rama."

"Ba ƙarya ba ce. Haka nake jin kaina."

"Haka kake so ka ji kanka dai. Ni na goya ka, ita wayar jiya ta san ka. Tun da aka yi mini aikin nan, 'ya'yan da na haifa da cikina duk sun gaji sun zame. Kai ko fashi ba ka taɓa yi ba. In zage ka, ka yi dariya, in ture hannunka, ka sake ɗiga mini. Wanda ya jure ni, yara me za su yi masa?"

"Kenan kin yarda ba ki da haƙuri."

"Ban ce ba! Waya ta riga ta yi shaida. Kira mutanen nan kafin su gane kuskurensu."

Dogo ya share ido da bayan hannu, wai maganin ne ya fantsar masa. Ya fita baranda ya kira shugabar makarantar, murya ƙasa ƙasa. Da ya dawo ya ɗaga hannu biyu.

"Kin ci, tsohuwa. Litinin zan fara."

Kaka ta laluba ƙarƙashin matashi ta zaro wani tsohon agogon hannu.

"Ungo, na kakanka ne. Shi ma har ya bar duniya yana cewa kowa tsoronsa yake ji, alhali in jariri ya yi kuka a maƙwabta shi ke fara zuwa ɗauka. Don haka na aure shi. Ɗaura, kada ka makara ka ja mini abin kunya."

Dogo ya ɗaura, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kara a kunne.

"Kaka, ya tsaya fa."

"To ka gyara da albashinka. Komai sai ni zan yi maka?"