Ranar da na aiki likita

Har gobe ba zan taɓa mantawa da safiyar da na je neman likitan jini a Diffa ba. Yayana Bukar, manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu, ya yi wata uku yana ramewa, ga kumburi a wuya, ga gumi kamar an watsa masa ruwa. Majo, babban ma'aikacin jinya na ɗakin shan magani na Gagamari, ya duba shi ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina. Ku nemi likitan jini da ciwon daji."

Gida ya rikice, kowa na cewa sai Yamai. Ni kuwa da na yi ƴar lakwal (wato boko, aji shida ne kacal, amma a gidanmu ni ne bature) na buga ƙirji na ce a bar mini. Kwana huɗu ina tambaya, daga farmasi zuwa tasha, har wani mai kabu-kabu ya tsegunta mini cewa akwai ƙwararren likita da ke zuwa asibitin gari duk wata.

Na sa babbar riga, na tallabo Yaya, muka isa da sassafe. Layi har ƙofa. A bakin famfo na hangi wata ƴar siririyar mata da silifa tana wanke hannu. Na ce a raina mai shara ce.

"Ke baiwar Allah, karɓi takardun nan ki kai wa babban likita. Ki ce masa abokinsa ne ya zo, tare muka yi lakwal a Damagaram."

(Damagaram ɗin ma sau ɗaya na taɓa zuwa, kai buhunan tattasai.)

Ta kalle ni, ta kalli wuyan Yaya, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "To Malam, ku zauna a layi, za a kira ku."

Na zauna ina hura hanci, har ina gaya wa na kusa da ni cewa likitan mutumin kirki ne, sai dai yana da son wasa. Da aka kira mu muka shiga biron likita, wa zan gani a kujera cikin farar riga? Ita!

"Sannu da zuwa, abokina," ta ce, fuskarta ba ko murmushi. "Tuna mini, a wane aji muka zauna?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Yaya da ya yi wata uku bai yi dariya ba ya ƙyalƙyale har da tari.

Ta bar ni da kunyata ta juya kansa. Ta tattaɓa wuyan, ta yi tambayoyi cikin Barbarci, ta rubuta analiz, wato gwaje-gwajen da za a yi masa. Da sakamako ya fito ta gaya mana gaskiya: dajin ne, amma an tare shi da wuri. Ita ta haɗa mu da asibitin Yamai, ita ke duba shi a nan duk wata.

Bana Yaya da kansa ya yi dashen tattasai, ya mayar da jikinsa har yana yi mini faɗa. Ni na samo likitar, wannan ba mai ƙwace mini. Amma yanzu ko akuya na tarar a ƙofar asibiti, sai na gaishe ta da ladabi kafin in buɗe baki.